Waken Da Turai Ta Ƙi, Cikin Tukunyar Wa Ya Ƙare?

Jama'a, ku kasa kunne. Cikin watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana a shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta. Dalili kuwa, da masu bincikenta suka gwada shi sai suka tarar da maganin ƙwari mai suna dichlorvos, watau gubar nan da ke cikin fiya-fiya, wani kashin waken har ya zarce ƙa'idarsu ninki fiye da 400. A 2016 suka ƙara wa hanin shekara uku. Mu ba mu ga laifinsu ba, haka gwamnatin da ta san ciwon mutanenta take yi. Amma ɗan'uwan wannan wake, wanda aka zuba wa magani iri ɗaya, bai ko kai bakin jirgi ba, ina ya tafi? Ai kowa ya sani. Shi ake auna wa matanmu da mudu, da shi ake toya ƙosan da yaranmu ke karya kumallo.

Ku dubi ɗaya gefen kuma. Maganin ciyawa da ake kira paraquat, Turai ta hana manomanta fesa shi tun 2007. Duk da haka aka ci gaba da haɗa shi a Ingila ana sayarwa ƙasashen waje, mu kuwa sai 2024 hanin NAFDAC ya soma aiki. Shekara 17 ke nan! Manomin shinkafa a fadamar Wurno, da mai albasa da tafarnuwa a ƙarƙashin dam ɗin Goronyo, da mai gero da wake a Rabah, kwalba ake miƙa musu da rubutun Ingilishi ko Faransanci. Mai sayarwa bai karanta ba, mai saye bai karanta ba, sai a ce murfi biyu ko uku, Allah ya kiyaye.

To, ana cikin wannan hali aka kawo maganar yarjejeniyar ciniki. Wadda Turai ta so a ƙulla da Afirka ta Yamma a 2014, Nijeriya ta ƙi sa mata hannu, kuma da kyau da aka ƙi. Ta ƙasashen Afirka kuwa, Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai ran 7 ga Yuli 2019, bisa sharaɗin a bi sannu a janye kuɗin fito daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya. Wata guda bayan haka gwamnatin nan tasa ta rufe iyaka saboda shinkafar fasa-ƙwauri, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020. Hannun dama ya buɗe ƙofa, na hagu ya sa sakata, masu albasa suka sha asara a tsakani.

Kada wani ya ce muna ƙin ciniki. Albasarmu har Gana take zuwa, in an sauƙaƙa mata hanya mu ne da riba. Abin da ke ba mu tsoro shi ne ƙofar da babu mai gadi. Yarjejeniya ta ce rangwamen na kayan da aka yi a Afirka ne kaɗai. Shin wa zai tabbatar? Shinkafar Tailan ko ta Indiya da ta sauka Kwatano, in an sake mata buhu, wane ɗan tireda ne zai gane shekarunta a sito? Ku tuna a farkon 2022 man fetur mai gauraye da methanol ya taso daga Antwerp ta Beljiyam, ya wuce masu dubawa duka, sai da injinan mutane suka lalace tukuna aka farga.

An yi dokar kafa hukumar kare mai saye, FCCPC, a 2018. Madalla. Wane ne cikinku ya taɓa ganin ma'aikacinta yana buɗe buhu a kasuwar Achida?

Saboda haka muna kira ga wakilanmu da ke Abuja su tashi su nemi a hana shigo da duk maganin da ƙasar da ta yi shi ta haramta wa mutanenta, a kuma tilasta rubuta gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin kowace kwalba. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma na Wurno, Rabah da Goronyo, ku rubuta takarda guda ku sa hannu, ku nemi a turo mai dubawa kowace ranar kasuwa, kafin masu feshi su shiga gonakin rani.