Mu Kafa Turkenmu A Intanet, Amma Da Sunan Ƙungiya

Maganar da ake ta kai-da-kawo a kanta a majalisunmu na New Bell ita ce, shin ya kamata ƙungiya ta buɗe nata shafi a intanet? Wasu dattawanmu na cewa wannan ai aikin manyan kamfanonin Bassa ne masu ofis da sakatare, ina ruwan mai saniya? Matasa kuwa so suke a yi shi gobe-goben nan. Mu dai ra'ayinmu shi ne a yi, amma a fara da kaɗan, kuma ya zama mallakin ƙungiya.

Dalili kuwa, hanyarmu doguwa ce. Sa ya taso daga Adamawa ko Chadi, a loda shi a jirgin Camrail a Ngawundere ko a tirela, ya sauka Duwala, ya ƙare a mayankar SODEPA ta Bonendale. Wani kuma ya bi ta Kye-Ossi zuwa Gabon ko Ikwatoriyal Gini. Duk tsawon wannan tafiya, abin da falke ke nema shi ne labari na gaskiya: nawa ake saye, wace takarda ake tambaya. Yanzu da WhatsApp muka dogara, inda kowa ke jefa abin da ya ji, ba a san mafarinsa ba. Kuma gidan aro ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke kusan awa 6 a duniya baki ɗaya, babu wanda aka yi wa sallama. Shafin ƙungiya kuwa tamkar allon sanarwa ne a ƙofar ofishinmu, abin da aka liƙa a kai da yawun shugabanni aka liƙa shi.

To, yaya ake farawa? Abu uku ne. Na farko suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare mu. Na Kamaru yana ƙarewa da .cm, kuma hukumar ANTIC ce ke kula da shi. A lura, harafi ɗaya ne ya raba shi da .com, don haka a zaɓi gajeren suna, a riƙa karanta shi dalla-dalla. Na biyu hayar wurin ajiya a kwamfutar wani kamfani da ba ta kwana, kamar dai yadda muke kama wuri a kara. Na uku manhajar da za a gina shafin da ita. WordPress, wadda ta fito tun 2003, kyauta ce, kuma yaron da ya iya rubuta wasiƙa a kwamfuta zai iya koyonta.

Ga inda muke so a buɗe kunne. Sunan nan haya ne, duk shekara ake sabuntawa. In aka manta wa'adi ya wuce, wani na iya saye, ya zauna da sunanmu yana karɓar kuɗin jama'a. Haka kuma in aka bar yaron da ya gina shafin ya yi rajista da sunansa, ranar da aka saɓa ko ya yi tafiya, shi ke nan, da turke da igiya duk nasa ne. Saboda haka a yi rajista da sunan ƙungiya, kalmar sirri ta kasance a hannun shugaba da magatakarda da ma'aji, ranar biya kuma a rubuta ta a littafin kuɗi.

Me za a sa a ciki? Kada a cika kaya. Su wane ne mu da inda ofishinmu yake. Farashin mako na Gudali da Rahaji, da sefa da naira, da kwanan wata a kai. Sai jerin takardun hanya, kamar shaidar likitan dabbobi ta ma'aikatar MINEPIA da fasfon dabbobi na CEBEVIRHA ga masu ƙetare iyakokin CEMAC. A rubuta da Hausa da Faransanci, a rage hotuna masu nauyi, don mai ƙaramar waya a Kusiri ko Garwa-Bulai ya iya buɗewa. Kuma a naɗa mutum guda mai sabunta farashi. Tsohon farashi ya fi rashin farashi ɓarna, domin mutum zai lodo shanu a kansa ya zo ya faɗi.

Akwai kuma abin da ba za a sa ba ko kusa: ranar tafiyar wani, lambar mota, ko wane ne ya sayar ya riƙe kuɗi. 'Yan fashi da masu satar mutane su ma suna da waya. Sa'an nan a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙungiya ba ta karɓar kafin-alƙalami ta Mobile Money ko Orange Money a kan hoton sa. Gani ya kori ji, saniya sai an taɓa.

Dillalanmu da ke tsoron za a tsallake su, hankalinsu ya kwanta. Kwamfuta ba ta duba haƙori, ba ta saukar da baƙo, ba ta tsaya wa mahauci lamuni. La'adarku tana nan.

Muna roƙon shugabanni su sa wannan batu a taro mai zuwa, a ware ɗan abin da za a biya daga asusu, a zaɓi yara biyu masu amana su koya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya tsare hanya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.