Ƙudan Ruɓaɓɓen Mangwaro Ya Cancanci Shiga Aji

Ɗan mitsitsin ƙudan nan mai jan ido da ke dandazo kan ruɓaɓɓen mangwaro a Gwangwan, ya kamata malaman kimiyya su shigar da shi aji. Da shi masana suka gano yadda jiki ke bambance kai da gindi tun a ƙwai. Uwar kan ajiye saƙon sinadarin Bicoid a gefe ɗaya, inda ya fi taruwa nan kai ke fitowa, hanyar saƙo ta Toll kuma ta ware ciki da baya. Bincike kan wannan ƙuda ne ya kawo wa Nüsslein-Volhard da Wieschaus da Lewis kyautar Nobel a 1995.

Wani zai ce makarantun Rogo da Ƙaraye ba su da kayan gwaji, ina su ina ƙuda? Ai rashin kayan ne ya sa ya dace. Kwalba da ɗan guntun ayaba sun ishe shi, cikin kamar kwana 10 ya hayayyafa. Mai ganin ɓata lokaci ne kuwa, ya sani a 1996 aka gano Toll ɗin nan tana kare ƙuda daga cuta, daga baya aka samu danginta a garkuwar jikin ɗan Adam.