Horon Malamai: Mu Ari Dabarar TikTok, Mu Bar Mata Shirmenta



Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito da muni, malami ake fara nunawa da yatsa. Ba mu manta da 2017 ba, shekarar da gwamnati ta yi wa malaman kwantiragi na firamare gwaji a faɗin Nijar, aka tarar kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka kai rabin maki. Kafin nan, binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ɗalibai 10 da ke kammala firamare, ko ɗaya cikakke ba a samu ba da ya kai matakin da ake bukata a karatu. Zuwa 2019 an ɗan matsa gaba, abin ya kai wajen 3 cikin 10. Wannan ciwo namu ne, ba mai musu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: bayan malami ya bar makarantar horon malamai, ko ta Damagaram ko ta Magarya, an tura shi wani ƙauye a karkarar Dogo-Dogo, wa ke ci gaba da koya masa aiki, kuma ta wace hanya?

Hanyar da muka saba kowa ya san ta. A horar da wasu a Yamai, su sauko su horar da na jaha, na jaha su horar da masu sa ido, su kuma su tara mu kwana uku ko biyar a lokacin hutu. Kafin saƙon ya iso bakin malamin da ke cikin rumfar zana, ya zama kamar kunun da kowane gida ya ƙara wa ruwa. A zauna tun safe har la'asar, mutum ɗaya na karanto takarda da Faransanci, sauran na kwafa. Da yawa daga cikinmu, in za a faɗi gaskiya, hankali na kan takardar sa hannu da kuɗin zama. A koma gida, takardun su shige akwati, ranar Litinin a shiga aji a yi darasi yadda aka saba yi tun bara.

Ba taurin kai ba ne, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. Tun 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ya nuna cewa abin da aka cusa wa kai a zama ɗaya yakan zube da sauri a kwanakin farko, in ba a riƙa waiwayarsa ba. Mu da kanmu muna faɗa wa yara su riƙa bita kullum. Amma in aka zo kan namu karatun, sai a ɗura mana na shekara guda cikin kwana biyar.

To ga abin lura. Malamin nan da ke gyangyaɗi a zauren horo, shi ne da dare zai kwashe awa guda yana kallon gajerun bidiyo a salularsa, na TikTok, na Facebook, da waɗanda ake turowa ta WhatsApp. Ba a ba shi kuɗin zama, ba a kiran suna, amma bai yi gyangyaɗi ba. A ƙasarmu ta iyaka, inda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ke jan jama'a, waƙa ko wasan barkwanci da aka saki a Kano ba ya daɗewa ya iso wayar matashi. Matan aure sun koyi girki da ɗinki ta wannan hanya, samari sun koyi gyaran babur da haɗa sola. Ra'ayina shi ne masu shirya horon malamai su daina kallon wannan a matsayin ɓata lokaci kaɗai, su zauna su duba abin da ke sa ido ya tsaya a kai.

Ni dai dabaru huɗu na gani. Na farko, bidiyo ɗaya magana ɗaya. Ba a haɗa girkin miya da ɗinkin riga. Na biyu, ba doguwar gabatarwa, daga buɗewa an shiga aiki. Na uku, nunawa ake yi, hannu na aiki ido na gani, kuma Hausawa sun riga sun ce gani ya kori ji. Na huɗu, mai kallo ba ya tsayawa a kallo, yakan kwaikwaya ya ɗauki nasa ya mayar. Ba ɗaya daga cikinsu da ke bukatar rawa ko kiɗa ko zubar da mutunci. Dabarun koyarwa ne tsantsa, masu neman suna ne suka riga mu amfani da su.

Bari in ba da misali. Malamin aji uku, wato CE1, na fama da koyar da ɗebewa mai aro. A zauren horo za a yi masa bayanin shafi biyu. A bidiyo kuwa, wata malama ce daga makarantar da ke kusa, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ɗauri 5 na karan gero, kowane ɗauri kara 10, ga kara 2 a gefe: 52 ke nan. Ta ce wa yaro ya cire 27. Yaro ya duba, ba a cire 7 daga 2. Ta sa shi ya kwance ɗauri guda, saura ɗauri 4 da kara 12. Ya cire kara 7, ya cire ɗauri 2, ya ƙirga abin da ya rage: 25. Sannan ta rubuta a allo, yaro ya ga inda "aron" ya fito. Minti uku bai cika ba. Malamin da ya kalli wannan da dare, gobe da safe zai aiki yara su tsinto kara. Haka za a iya yi wa bambancin "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", ko yadda ake raba wa ɗan Bahaushe sautin "p" da "f" a Faransanci, ko yadda ake duba allunan yara masu yawa cikin ɗan lokaci ba tare da aji ya rikice ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a aikinmu. A 1963 Dwight Allen da abokan aikinsa a jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da ƙaramin darasin gwaji: ɗalibin malanta ya koyar na ƴan mintoci a kan dabara guda, a ɗauka, a kalla tare, a gyara masa, ya sake. Duk wanda ya bi ta makarantar horon malamai ya ji labarinsa. Abin da ya hana shi yaɗuwa a ƙauyukanmu shi ne rashin na'urar ɗauka, ga shi yau tana aljihun kowa. A 2014 kuma Philip Guo da abokansa suka bi diddigin kallon bidiyon darasi har sau miliyan 6.9 a dandalin edX, suka tarar yawancin masu koyo ba sa wuce minti 6, komai tsawon bidiyon. Waɗannan mutane ne da suka shiga karatun da ra'ayin kansu, ina ga malamin da ya wuni tsaye a aji?

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC na yaƙi da jahilci a ƙauyukan Dosso da Damagaram, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta bi diddiginsa tare da ƙungiyar CRS. Manyan da aka haɗa musu karatu da koyon aiki da ƙaramar salula sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi, don sun sami abin da za su riƙa gwada karatunsu da shi a gida. A 2015 kuma, a jahar Maraɗi, shirin SPRING da ƙungiyar Digital Green suka ɗauki gajerun bidiyo da Hausa, mutanen ƙauyukan ne da kansu ke ciki, suna nuna wanke hannu da ciyar da jarirai, ana haska su a taron mata da ƴar ƙaramar na'ura mai batir. Sirrin abin shi ne mai kallo yana ganin irinsa, cikin irin gidansa, da irin kayan da yake da su. In an yi wa uwa da manomi, me zai hana a yi wa malami?

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Damagaram ce ta fara buɗe makarantar gwaji da Hausa tun 1973, amma har yau malamai da yawa da suka tashi da Hausa a baki ba su taɓa koyon ƙa'idar rubuta ta ba, balle koyar da lissafi da ita. In za a jira a tara dubban malamai a zaure kafin kowa ya iya rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, za a daɗe ana jira, yara kuma ba sa jira, girma suke yi.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Wasu za su ce ina rezo, ina kuɗin data, ina wutar caji? Gaskiya ne, akwai makarantun da sai an hau tudu ake samun kira. Amma finafinan Kano ba da intanet suka cika ƙauyukanmu ba. Mutum ɗaya ke saukewa a gari, saura su karɓa ta Xender ko Bluetooth ko katin waya, a wurin mai caji ko a kasuwa. Hanyar da ta ɗauko fim na awa biyu ba za ta gaza ɗauko darasin minti uku ba.

Wasu za su ce ilimi ba ya shiga cikin minti uku. Nan ina tare da su rabi. Malamin da shi kansa bai fahimci kashe-kashen lamba ba, gajeren bidiyo ba zai warkar da shi ba. Yana bukatar zama, da littafi, da mai ja masa. Bidiyo na koyar da yadda ake yi ne, zurfin dalili kuwa sai an zauna. Saboda haka ina jan kunnen hukumomi da ƙungiyoyin agaji: kada wannan ya zama hujjar soke tarurrukan CAPED ko rage ziyarar masu ba da shawara kan koyarwa da sunan tsimi. Abin da nake nema shi ne a canza yadda ake cin lokacin taron. A turo bidiyo kafin ranar, kowa ya gwada a ajinsa, in an haɗu a tattauna abin da ya yiwu da abin da ya ƙi, maimakon a ɓata safiya ana kwafar abin da ke cikin takarda.

Damuwa ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma ta shafi iyaye kai tsaye: mutuncin yara da na malamai. Bidiyon da ya fita daga waya ba ya dawowa. Yaron da aka ɗauka yana kuskure zai iya zama abin dariya a gari, malamar da harshenta ya sarƙe a kalmar Faransanci za a iya yawo da ita a dandali, har abin ya taɓa aurenta. Don haka sai an kafa doka tun farko. Ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa, ta hannun kwamitin kula da makaranta, wato CGDES, da ƙungiyar iyaye mata. A ɗauka daga baya, ko a nuna hannuwa da allo kawai. Ba a ambaton sunan yaro. Bidiyon da malami ya ɗauki kansa don a gyara masa ya tsaya tsakaninsa da mai gyaran, kada ya shiga takardar ladabtarwa, don ranar da aka hukunta mutum ɗaya da shi, ba wanda zai sake ɗauka. Kuma mu ɗauki salon TikTok ne kawai. Ba a dandalinsa za mu zuba ajinmu ba.

Na huɗu, wa zai tace? Kuskuren da aka ɗauka da kyau ya fi gaskiya saurin yaɗuwa. Kada bidiyo ya zagaya sai mai ba da shawara kan koyarwa na yankin ya kalla ya amince, a sa masa aji da darasin da ya shafa, don kada mu wayi gari kowa ya zama shehin koyarwa.

Ga abin da nake ganin za mu iya farawa da shi ba tare da jiran kowa ba. Kowace CAPED a Dogo-Dogo, Dungas, Malawa da Guci ta zauna ta fitar da darussa goma da suka fi ba malamanta wuya. A nemo wanda ya fi iya kowanne. Sau da yawa za a tarar wata malama ce mai shiru-shiru da ba a taɓa ba ta alli a taro ba. A ɗauka da salula, da Hausa, cikin ajinmu na gaskiya, da ƙurarsa da cunkosonsa, kada a share a kawo yara goma masu wayo. Kada ya wuce minti uku zuwa biyar. A saki ɗaya a mako, ranar da aka sani, tare da tambaya guda: ka gwada, me ya faru? A ƙarshen shekara CAPED guda na da taskar da sabon malami zai tarar ranar da ya iso, a yi musaya da na Magarya da Bande.

Ku kuma iyaye, in kun ga malami riƙe da waya a harabar makaranta, ku tambaya kafin ku yanke hukunci, kuma ku nemi a nuna muku. Uwar da ta ga yadda ake lissafi da karan gero za ta iya zaunar da ɗanta a tsakar gida ta sa shi ya maimaita, ko da ba ta taɓa shiga lakwal ba. Amma waya a hannun malami lokacin darasi, yana kallon abin da ba na aiki ba, wannan ku yi magana, haƙƙinku ne.

Masu shirya shirme sun yi nazarin yadda ake riƙe hankalin mutum, sun ƙware, kuma ƴaƴanmu da mu kanmu muna hannunsu. Mu da aka ba amanar koyarwa mun fi su bukatar wannan ƙwarewa. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, Ya yi wa yaranmu albarka.