Kiwon kaji a bayan gida: Abin da ya kamata mutanen Zuru su sani kafin gina akurki

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin masara da waken soya ya yi tashin gwauron zabi, kuma ƙwai da naman kaza suka bi sahu. A masarautar Zuru lamarin ya zo da ƙarin nauyi, domin matsalar tsaro a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba ta raba manoma da dama da gonakinsu. Wannan ne ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa ke waiwayar ɗan filin bayan gida, da nufin ajiye kajin da za su rage musu kuɗin cefane.

Sai dai yawancin asarar sabon mai kiwo tana farawa ne tun kafin 'yan tsaki su iso, wato daga ƙasar da aka kafa akurkin. Zuru gari ne mai duwatsu da gangara, kuma ya fi arewacin Jihar Kebbi samun ruwan sama. Akurkin da aka gina a kwari zai jiƙe a watan Agusta, ga shi damshi da kashin kaji su ne matattarar cutar kashin jini. Don haka ake zaɓar tudu, a ɗaga daɓe sama da tsakar gida, a haƙa magudanar ruwa a kewaye. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta yi ta dukan kajin, ragar waya kuma a binne gindinta cikin ƙasa saboda gafiya da muzuru. Shimfiɗar ƙasa ba ta da wahalar samu a jihar da ta yi suna wajen noman shinkafa: ɓuntu yana tsotse damshi, daga baya ya zama taki mai daraja a lokacin da takin zamani ya yi tsada.

Bayan ƙasa sai lissafi. Abinci kan cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma kazar ƙwai ba ta fara saka sai ta kai mako 18 zuwa 20. Ma'aikacin da ya sayi 'yan tsaki 50 ba tare da tanadin abincin wata biyar ba, ƙarshenta zai sayar da su a kan asara.

Akwai kuma batun lafiyar jama'a. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a shekarar 2006 a Jihar Kaduna, kuma har yau ba ta daina dawowa ba. Cutar Newcastle, wadda kan share kajin unguwa a lokacin hunturu, tana da rigakafin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ke samarwa, amma bai cika isa ga mai kaji goma ba.

Nan ne aikin hukuma yake. Zuru na da Jami'ar Noma ta Tarayya, Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024. Idan malaman gona suka shiga unguwanni da rigakafi da shawara, ƙaramin akurki zai tallafi gida. Idan aka bar kowa da dabararsa, jarin da aka tara daga albashi zai salwanta a damina guda. Hausawa dai sun ce tun ran gini, ran zane.