Taswirar Ajinmu Ta Tsaya A Kaduna, Hausa Kuwa Ta Kai Bakin Teku

Duk ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin karin harshe ya san taswirar nan da malamai kan zana mana a allo. Ga Sakkwatanci a yamma, ga Katsinanci da Dauranci a sama, Kananci a tsakiya, Zazzaganci a ƙasa, sai Bausanci da Guddiranci ta wajen gabas. In malamin mai zurfafawa ne, ya ƙetara iyaka ya nuna Maraɗi da Tawa da Damagaram. Daga nan sai alli ya tsaya. Duk abin da ke ƙasa da Kaduna a bar shi fili fetal, sai ka ce daga nan har teku babu mai cewa sannu. Ni kuwa a cikin wannan filin na koyi Hausa. Ni Ibo ne, haihuwar Inugu, kuma tun ban taɓa ganin ganuwar Kano ba na iya cinikin albasa da harshen nan.

Ban ce taswirar ƙarya take yi ba. Gajeriya ce kawai. A nawa ra'ayin, mu ɗaliban wannan sashe ne ya kamata mu ƙarasa ta, mu fara da unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, tun da sauran waɗanda za a tambaya.

Mai karatu ya fara duban sunayen nan uku. A takardun hukuma za a ga Port Harcourt da Onitsha da Enugu. Amma bakin Bahaushe ya daɗe da sassaƙa su. Ya ɗauki sunan Lewis Harcourt, sakataren mulkin mallaka na Ingila wanda Lugga ya sa wa garin sunansa a 1913, ya mai da "p" ta koma "f" tun da ba shi da ita, ya warware baƙaƙen da suka cunkushe, sai ga Fatakwal. Haka ya yi wa Ikko da Badun da Kalaba. Garin da mutum bai saba shiga da fita ba, ba ya wahalar da kansa wajen gyara sunansa. Ke nan akwai wata taswirar ƙasar kurmi da ke bakin fatake da direbobi da mahauta, wadda ba a taɓa sa ta a takarda ba.

Zanen ƙasa kuma ba baƙon abu ba ne a Arewa. Da Kilafatan ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashe da kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826. Wato a lokacin da Turawa ke ta gardamar inda kogin nan ya faɗa, daga Sakkwato suke neman haske. Sai a 1830 Landa da ƙanensa suka bi shi cikin kwalekwale har teku.

To, me ya kai Hausawa gabashin Kwara? Tsofaffin taswirorin zamanin Turawa sun amsa wannan, ko da yake ba da niyya ba. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi. Ana bukatar hanyar fitar da shi, sai aka kafa tashar jiragen ruwa a Fatakwal, aka shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Inugu, ya isa a 1916. Daga baya layin ya miƙa arewa ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da Kaduna a 1927, aka buɗe gadar Binuwai a Makurɗi a 1932. Duk wanda ya sa yatsa ya bi baƙin layin nan a taswira, hanyar shanu ya bi. Ƙudan tsando ba ya barin garken shanun Arewa ya yi albarka a kurmi, ga kuma dubban leburorin kwal da na tasha suna son nama. Shanu da albasa da wake suka gangara, manja ya haura. Inda jirgi ya sauke dabba dole a sami kara, inda aka sami kara dole a sami dillali da mahauci da mai masauki, sai masallaci, sai makarantar allo, sai mai tuwo. Haka zango yake tsira. Ma tun kafin jirgi akwai waɗanda suka riga shi: Farfesa Egodi Uchendu, a littafinta na 2011 kan tarihin Musulunci a gabashin Nijeriya, ta kawo labarin maharban giwa Hausawa da suka zauna a Elele, arewa da Fatakwal, tun ƙarshen ƙarni na 19.

Anacha kuwa labarinta na ruwa ne. Layin dogo bai bi ta can ba. Kasuwa ce a bakin Kwara, wadda kwalekwalen mutanen sama, Igala da Nufawa da sauransu, suka saba gangaro mata. A 1857 ne kamfanin Laird ya kafa wurin ciniki a can, Samuel Ajayi Crowther da abokin aikinsa Taylor suka kafa mishan. Gadar da ta haɗa ta da Asaba sai 1965. Har gobe in ka buɗe taswirar garin, kusa da babbar kasuwa za ka ga titin Bida da titin Sakkwato da layin Kano. Na san Turawa kan sa wa tituna sunayen garuruwa haka kawai, don haka suna shi kaɗai ba hujja ba ne. Amma kuma a titin Bidan nan masallacin mutanen Arewa yake.

Sai dai mai zana taswira abin da ya dame shi yake zanawa. Ɗan safiyon Bature zai nuna maka tasha da bariki da gidan yari da unguwar Turawa, har filin wasansu. Inda talaka baƙo ya kafa rumfa kuwa ba ya cikin lissafinsa. Ibo su ne suka raɗa wa wuraren nan suna da bakinsu: Ama Awusa, kamar na Owerri, ko Ogbe Awusa, kamar na Abakaliki, wato unguwar Hausawa. A Inugu akwai Gariki ta Awkunanaw a kan hanyar Agbani, kuma ɗalibin Hausa ba zai ji wannan suna ba tare da "garke" ya faɗo masa a rai ba. (Mu ma an yi mana irin wannan: ana cewa kalmar Inyamiri daga "nye m mmiri" ta fito, wato ba ni ruwa. Ba na jin daɗinta, amma ba zan hana ta shiga ƙamus ba.)

Yanzu kuma ga hoton tauraron ɗan'adam. Tun 2005 Google Earth ya shigo, daga 2009 kuma aka ƙara masa damar jawo hotunan shekarun baya. Abin da a da sai mai jirgin sama, yau ɗalibi na ganin sa a wayarsa. Ina ba abokan karatuna shawara su gwada. Kara ba ta ɓuya daga sama: fili ne ja ko baƙi da kofato ya cinye ciyawarsa a tsakiyar ƙasa kore shar, ga tireloli a jere kamar ashana. Masallaci ma yakan tona kansa, domin sau da yawa ginin ya kauce wa layin sauran gidaje ya karkata arewa maso gabas, inda alƙibla take daga can. In ka bi babban titin Inugu zuwa Anacha za ka ci karo da karar Ugwuoba, in ka bi na Inugu zuwa Fatakwal za ka ci karo da Lokpanta a jihar Abiya. Abin lura shi ne manyan kararrakin yau ba a cikin gari suke ba, a bakin titi suke, can bayan gari. Jirgin ƙasa ya daina dakon shanu, tirela ta gaje shi, gari kuma kullum in ya faɗaɗa sai ya ture mai dabba gaba.

A nan ne batun ya wuce na jarrabawa. A 2021 gwamnatin jihar Ribas ta rufe mayankar Trans-Amadi, wurin da mutanen Arewa masu yawa suka shafe shekaru suna neman abinci. Gwamnati ta ba da nata dalilan na tsaro, ba kuma shari'a na zo yi ba. Abin da nake tambaya shi ne: wa ya rubuta sunayen layukan kasuwar nan kafin a tashe ta? Wa ya ɗauki muryar dattijon da zai ce ga shekarar da muka zo, ga inda aka taso mu? Tauraro zai nuna maka kwanon rufi a wannan shekara, ya nuna maka wani abu dabam bayan shekara biyu. Ba zai gaya maka da wane harshe ake magana a ƙarƙashin kwanon ba. Unguwar da ba ta da suna a takarda, ranar da aka zo tashin ta sai a ce ai jiya-jiya suka zo.

Kuma ba jiya suka zo ba. Lokacin da Inugu ta zama birni mai magajin gari a 1956, wanda ya fara hawa kujerar Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC. Shi kansa jagoran jam'iyyar, Nnamdi Azikiwe, a Zungeru aka haife shi a 1904, da Hausa kuma ya tashi. Yara nawa ne a Inugu suka san wannan? A Kano fa?

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce taswira wuƙa ce. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe mutane ta fuskoki biyu, mutanen Gabas suka baro Arewa, mutanen Arewa suka baro Gabas. A watan Fabrairu na 2006, bayan kashe-kashen Maiduguri, an yi ramuwa a Anacha, aka ƙona masallatai, mutane suka tsere ta kan gada zuwa Asaba, wasu suka fake a barikin soja. Ashe in ka zana unguwar Hausawa dalla-dalla ba ka nuna wa mugu ƙofa ba? Amsata ita ce, waɗanda suka yi ɓarnar 2006 ba su nemi taswira ba, sun san hanya sarai, domin a can suke sayen nama. Wanda bai san hanya ba shi ne jami'in tsara birni da alƙali da marubucin tarihi, su ne kuma masu yanke hukuncin wa ke da tushe a wuri. Duk da haka ban ce a zana gidan kowa ba. A tsaya ga kasuwa da masallaci da maƙabarta da sunayen layuka, a nemi izinin Sarkin Hausawan wurin tukuna, abin da ya ce a bari a bari. Mazauna Kibera a Nairobi sun yi irin wannan a 2009, lokacin da suka ga unguwarsu mai ɗimbin jama'a ba ta fito a taswira ba, suka tashi suka zana ta da kansu.

Wani kuma zai ce wannan aikin 'yan sashen labarin ƙasa ne, ina ruwan ɗalibin harshe? Ruwansa tsundum. Kalmar "Awusa" a bakin Ibo buhu ce mai faɗi: Bahaushe da Bafulatani da Banufe da Babarbare da Bazabarme da Buzu duk a ciki suke. Abin da ya haɗa su a zango shi ne harshen Hausa, kowa da irin tasa. Yaron da aka haifa a can yana tashi da Hausa a gida, Ibo ko Ikwere a layi, Turancin buroka a kasuwa. Shin yana bambanta "ya zo" da "ta zo", ko kuwa jinsi ya fara zubewa kamar yadda ya zube a Hausar zangunan Gana? Yana furta ƙ da ɗ da ɓ, ko sun koma k da d da b? (Mu da muka koya daga baya mun san gumin da haruffan nan uku ke sa mutum.) Acaɓa yake cewa ko okada? Waɗanne kalmomin abinci da na ciniki ya ara, da wace siga yake yi musu jam'i? Kowace tambaya a nan kundin digiri ce guda. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun ya fitar da littafi a 1969, Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a Afirka ta Yamma a nasa na 1978. Mu kuwa kowace shekara sai mu yi layi a ofishin malami da take iri ɗaya, nazarin jigo da salo a waƙoƙin wane, al'adun aure a garin kaza, har malaman sun haddace babi na biyu.

Abin da nake roƙon sashe ba shi da tsada. A ware ɗalibai biyu ko uku a kowace shekara, a haɗa ɗan asalin harshe da irina wanda ya san gari kuma yana jin Ibo. Su buga hoton tauraro na unguwa a babbar takarda, su shimfiɗa ta gaban dattawa bayan la'asar, su bar su su nuna da yatsa: nan ce tsohuwar kara, nan mai masaukin Katsinawa ya zauna, wannan layin kaza muke ce masa. A rubuta kowane suna yadda aka furta shi, da karin sauti da tsawon wasali, a ɗauki murya. Sannan su shiga ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Inugu su gwada abin da suka ji da tsofaffin takardun lardi. Motar dare da ke tashi daga Sabon Garin Kano tana wayar gari a Anacha, hutun ƙarshen shekara kuwa ya ishi mutum ya gama unguwa ɗaya.