Mu Muka Yi Kiwo, Wani Ya Tatsa: Mdou Moctar Da Situdiyon Sakkwato

Mai karatu, ka shiga kasuwar Gwandu ko ka tsaya a tashar Kalgo, ka tare samari goma ka ce su lissafa maka mawaƙa. Za su jero maka na fim da na siyasa har sai ka ce ya isa. To ka ce da su, wane ne Mdou Moctar? Zan yi mamaki in biyu daga cikinsu suka ɗaga kai. Alhali wannan bawan Allah, wanda jaridun Amurka da Ingila ke sa shi a sahun gwanayen jita na wannan zamani, faifansa na farko a Sakkwato aka buga shi. Sakkwaton nan dai tamu, wadda sai a 1991 aka yanke mana jihar Kebbi daga jikinta. Wannan rashin sani shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Gidansu ba a son kiɗa, babu mai saya masa jita, don haka ya samu katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa. Bahago ne kuma, da hagu yake kaɗawa. A 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato ya buga kundin waƙoƙin da ya kira Anar. Da harshen Tamashek ya rera, amma duk wanda ya saurara zai ji ƙanshinmu a ciki: gangar kwamfuta irin ta waƙoƙin fim, da na'urar nan mai murɗa murya har ta koma kamar ta aljana. Wato abin da manyanmu ke kira shirme da lalata kiɗa, shi yaron nan ya ɗauka ya haɗa da jitarsa ta sahara.

Me ya samu? Waƙoƙin sun bi Bluetooth da memori daga waya zuwa waya, suka ratsa Nijar suka kai arewacin Mali. Kowa na ji, mai waƙa kuwa aljihu wayam. Da yawa daga masu sauraro ko sunansa ba su sani ba. Wannan ciwo ne da kowane mawaƙin Hausa ya sani. Mai shagon tura waƙa ya karɓi kuɗinsa, mai waya ya more, wanda ya kwana yana tsara baiti ya tashi da bashin situdiyo.

Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine, a wayoyin mutane. Ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen sahara, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. A 2014 kamfanin ya sake fitar da Anar ɗin Sakkwato ga duniya, da sunan mai shi a jiki. Daga nan likkafa ta ci gaba: Ilana a 2019, sai Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na New York, kundin da ya sa masu kiɗan rok na Turai suka miƙe tsaye.

Na san abin da wani zai ce: "Ai Bature ne ya ɗaga shi." Ƙwarai kuwa, kuma abin kunyar ke nan. Daga Portland zuwa Agadas tafiya ce ta dubban kilomita. Daga Sakkwato zuwa Tawa fa? Mutumin da ya zo daga bangon duniya ya ji waƙa ya tambayi mai ita. Mu da aka dafa abin a murhunmu ba mu tambaya ba, don a wurinmu waƙa kamar ruwan rafi ce, kowa ya ɗiba ya wuce.

Ku 'yan fim, ga naku. A 2015 aka fitar da fim mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, Kirkley ya ba da umarni, Mdou ya fito jarumi, aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek. Fim ɗin wankiya ce ƙiri-ƙiri ta Purple Rain, wanda mawaƙi Prince ya yi a 1984, kuma ba su ɓoye ba. Har sunan ma fassara ce: an ce Tamashek ba ta da kalmar shunayya, sai suka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Shekara nawa muka yi a shafukan mujallu muna zagin juna a kan wankiyar finafinan Indiya? To ga wankiyar da duniya ta tafa wa. Dalili kuwa, sun ari ƙwarangwal ɗin labarin ne kawai, suka zuba masa nasu naman: uban da ba ya son ɗansa ya yi kiɗa, gasar masu jita a Agadas, satar waƙa ta hanyar waya, babur a cikin rairayi. Mu kuwa sai mu kwaso har da ruwan saman da jaruma ke rawa a ciki, mu kawo shi garin da ko rijiya sai an yi layi.

Kada ka zaci ina cewa mutumin ya huta. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakokin Nijar da sararin samaniyarta. A lokacin Mdou da abokan kiɗansa biyu 'yan Nijar, Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, suna yawon wasa a Amurka. Hanyar gida ta toshe. Mawaƙin da ake rububin tikitinsa sai da aka buɗe masa asusun neman taimako a intanet don su samu wurin kwana da abin sawa a baka. Ka ji ɗaukakar waje, inuwar giginya ce. Amma dubi abin da ya yi da wannan zaman dole: suka shiga situdiyo a New York suka sake buga waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba. Kundin asali ya fito a 2024, wannan na biyun, Tears of Injustice, ya biyo baya a 2025. A ciki har Faransa ya kira da sunanta ya faɗa mata abin da ke ransa, shi da ƙasarsa ke da yuraniyom amma garuruwanta ke kwana a duhu.

Abin da ya tsare shi a duk faɗuwar nan guda ne: sana'ar tana hannunsa. In an ɗauke wuta zai kaɗa, in an rufe iyaka zai kaɗa, in kamfani ya sallame shi gobe zai koma bukukuwan aure na Agadas inda ya saba. Namu mawaƙin na zamani fa? Yawanci muryarsa kawai gare shi, kiɗan na mai fiyano ne, kuɗin na furodusa ne ko na ɗan takara. Ranar da ɗan takara ya faɗi zaɓe, shi ma ya faɗi. Ranar da hukuma ta murtuke, kamar yadda aka gani a Kano daga 2007 lokacin Abubakar Rabo a hukumar tace finafinai, har aka kama Aminu Ala a 2009, sai kasuwa ta watse, kowa ya kama gabansa.

Kuma ba wai ƙasar nan ba ta haifi masu kiɗa da hannu ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. A nan masarautar Gwandu, marigayi Gambu na Fagada ya ɗauki jigon waƙar ɓarayi, har malaman jami'a suka yi ta nazarinsa. Ko ka ƙi jigon, ba ka isa ka ce ya kwaikwayi wani ba. Yau yaron da ya ɗauki gurmi ko molo a ƙauyukan Kalgo, me muke ce masa? Maroƙi. Ba ma ba shi 'yarmu, ba ma zama da shi a tabarma ɗaya. Amma in an kunna mana irin wannan kiɗan daga faifan da aka buga a New York, sai mu gyaɗa kai mu ce Turawa sun iya abu.

Wani kuma zai ce Gwandu garin malamai ne, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai dace a yi zancen jita a nan ba. Ni ba malami ba ne, ba fatawa na zo bayarwa ba, kuma wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya don addininsa ina girmama shi. Rigimata da kai ce, kai da wayarka ke cike da waƙoƙi ɗari uku da ba ka biya ko sisi a kansu ba, kai da ke liƙi a wurin biki har hula na faɗuwa, sannan gari ya waye ka ce mawaƙi ɗan iska ne.

Ga jami'ar tarayya nan an kafa mana tun 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga gidajen rediyo a Birnin Kebbi, ga dandalin bikin kamun kifi na Argungu da baƙi ke zuwa daga ƙasashe. Ɗalibi ɗaya da rakoda zai iya zaga Gwandu, Kalgo, Jega da Kamba ya naɗo masu gurmi da garaya da goge da suka rage, ya rubuta sunan kowa da garinsu a jikin abin da ya naɗa. Kirkley ma da abin da ya fara ke nan, rakoda da kwamfutar hannu. Kai kuma mai shagon tura waƙa, in ba za ka ba mawaƙi kasonsa ba, aƙalla ka daina goge sunansa kana sa lambar wayarka a wurin.