Wutar Sola A Mubi: Aikin Kasuwa Daban, Na Gwamnati Daban

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin mai janareta ya canza. A Mubi, garin da ke cin kasuwa da Kamaru, masu shaguna da masu cajin waya da masu sayar da ruwan sanyi sun karkata ga farantan sola. Ba umarnin wata ma'aikata ya kai su ba, tsadar mai ce. Wannan ya sa wasu ke cewa gwamnati ta janye hannu, kasuwa ta wadatar. Maganar na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba.

Arahar farantan da ake sayarwa a Mubi ba daga sama ta faɗo ba. Jamus ta kafa doka a shekarar 2000 da ta tabbatar wa masu samar da wutar sola farashi mai tsoka na tsawon shekaru 20. China kuma ta zuba wa masana'antunta rance da filaye, har ta zama ita ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya. Wato ɗan kasuwar Mubi yana cin moriyar tallafin da wasu gwamnatoci suka biya.

Haka kuma jari ba ya zama inda babu kwanciyar hankali. An sayar da kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola a 2013. A watan Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi, a 2015 kuma masu jarin suka mayar wa Gwamnatin Tarayya kamfanin saboda rashin tsaro. Ɗan kasuwa yana bin riba ne, ba zai kai wuta asibitin ƙauyen da ba zai iya biya ba.

Amma gwamnati ma tana iya yin ɓarna. A 2025 an ji jami'anta na maganar hana shigo da farantan sola domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Muddin na gida ba su kai ga wadatar da ƙasa ba, hanin zai tsawwala farashi ne kawai, ya buɗe wa masu fasa-ƙwauri hanya, abin da garin kan iyaka ya fi kowa sani.

Aikin gwamnati a fili yake. Hukumar SON ta tsare kasuwa daga jabun batura, domin wanda batirinsa ya mutu cikin wata shida ba zai sake yarda da sola ba. Hukumar REA, mai aiwatar da shirin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2023, ta fifita garuruwan da 'yan kasuwa ke ɗari-ɗari da su. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu, sai Adamawa ta yi amfani da ita wajen jawo masu ƙananan tashoshi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi kuma ta horar da masu haɗawa da gyara.

Najeriya ta ɗauki alkawarin kawar da gurɓataccen hayaƙi nan da 2060. Ma'aikatan da ke rubuta manufofi a Abuja su auna kowace takarda da tambaya ɗaya: shin za ta sauƙaƙa wa mai shago a Mubi sayen faranti mai inganci, ko za ta ƙara masa tsada?